Yadda Ƙwayar Cutar Sanƙarau Ke Ƙwace Sinadarin Ƙarfe Daga Jinin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar da bakteriya mai haddasa sanƙarau, wato Neisseria meningitidis, take bi wajen samun sinadarin ƙarfe a jikin mutum. Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin a annobar 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kuma hallaka fiye da 11,000.

2.0 Ɓoyon Ƙarfe a Jiki

Ƙwayar sanƙarau ba ta hayayyafa sai da ƙarfe. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 3 zuwa 4 na wannan sinadari, amma kusan kashi biyu cikin uku a kulle yake cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ɗan abin da ke yawo cikin ruwan jini kuwa, wani furotin mai suna tiransfarin ne ke riƙe da shi gam. Ke nan hana ƙwayar cuta ƙarfe shi ma garkuwa ce, kamar yadda Eugene Weinberg ya nuna a 1975.

3.0 Dabarar Ƙwayar Cuta

A 1988 Schryvers da Morris suka gano cewa a fatar wannan ƙwaya akwai furotin mai kama tiransfarin. Daga baya aka tabbatar iri biyu ne, TbpA da TbpB. Shi TbpB a waje yake tsaye, ya fi kuma cafke tiransfarin mai ɗauke da kaya. TbpA kuwa ya ratsa fatar, siffarsa kamar ganga mai toshiya. Idan ya riƙe tiransfarin, sai ya cusa wani ɓangarensa cikin lungun da ƙarfen yake, riƙon ya sassauta. Daga nan furotin TonB ya ba da ƙarfin janye toshiyar, ƙarfen ya wuce ciki, a saki tiransfarin fanko.

Abin lura shi ne, wannan makami ya dace da tiransfarin na mutum, bai dace da na ɓera ko saniya ba. Wannan na daga dalilan da suka sa ƙwayar ba ta da mazauni sai ɗan'adam. Bugu da ƙari, a 2014 Barber da Elde sun nuna cewa daidai wurin da TbpA ke taɓawa a jikin tiransfarin ya yi ta sauyawa a tarihin birai da mutane, alamar daɗaɗɗiyar fafatawa.

4.0 Kammalawa

Rigakafin MenAfriVac na 2010 da Men5CV da Nijeriya ta fara bayarwa a 2024 sun dogara ne ga mayafin sukari na ƙwayar, wanda ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. Buƙatar ƙarfe kuwa ta game dukkan rukunan, shi ya sa masana ke nazarin TbpA da TbpB domin rigakafi. Babban cikas shi ne, siffar TbpB ita ma tana sauyawa tsakanin nau'o'in ƙwayar.