Ko ka sani? Babu yashi a jikin sanfefa

Kafinta a Galma yakan aiki yaronsa Madawa ya sayo masa sanfefa, ya ja masa kunne: "Ka duba bayanta, lamba 80 nake so." Yaron ya dawo da takarda mai kaushi, a yaga ta huɗu, a goge katakon benci da ita har ya yi sumul. Da yawanmu mun ɗauka yashi aka barbaɗa mata. Ba shi ba ne.

Da yashi zai yi, ai da mutanen Ader ne ke sayar wa duniya sanfefa. Matsalar ita ce yashin da iska ta daɗe tana gungurawa bakinsa ya cinye, ya zama mulmulalle, ba ya yanka. Ɗebi kaɗan ka murza a tafin hannu, za ka ji yana zamewa. Abin da ake so tsakuwa ce mai ƙarfi da baki mai kaifi. Shi ya sa a 1833 John Oakey na Landan yake daka gilashi yana manna shi a takarda, kuma har yau Faransawa da sunan gilashin suke kiranta.

Sanfefar yanzu, wadda ake goge katako da ita, yawanci tsakuwarta daga bokzit take, jan dutsen nan da ƙasar Gini ke haƙowa a yankin Boke. Ana narka shi a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2000, ya huce ya daskare, a farfasa shi, a tankaɗe. Baƙar nan kuwa, ta masu fentin mota wadda suke tsomawa a ruwa, tsakuwarta ita ce wadda Edward Acheson ya gano a Amurka a 1891, kuma kamfanin 3M ne ya fito da mai jure ruwa a 1921. Lambar da kafinta ya ce a duba, daga rariya ta samo asali: yadda ƙofofin rariya suka yi yawa suka ƙanƙance, haka lamba ke hawa, tsakuwa na ƙara laushi. 40 ta fi 80 kaushi, 220 kuma ta gama aiki ce kafin a shafa fenti.

Wurin da ya fi burge ni shi ne yadda ake ɗora tsakuwar. Ana warware doguwar takarda ko ƙyalle, a buga lamba a bayanta, a shafa gam a gabanta. A da daga fatun dabbobi ake dafa wannan gam, yanzu galibi na sinadari ne mai jure zafi. Sai a bi da ita ta sama, gefen gam ɗin yana kallon ƙasa, tsakuwa kuma tana tafe a kan bel daga ƙarƙashi. Tsakaninsu akwai ƙarfin lantarki. Ka tuna yadda ɗan makaranta ke goga biro a gashin kansa lokacin hunturu, ya ɗauki gutsattsarin takarda da shi? Haka ƙwayoyin nan suke tsalle sama su cake cikin gam. Kuma ba a kwance suke sauka ba, a tsaye suke kafewa, tsininsu a waje, kamar karan gero a gona bayan girbi. Da zuba su aka yi daga sama kawai, da yawansu sun kwanta bisa faɗinsu, kaifin ya ɓuya.

Wannan gam na farko riƙo ne kawai. Bayan ya sha iskar tanderu, sai a sake bi da na biyu a kai, ya cike gindin kowace ƙwaya ya bar kanta a fili. Shi ne yake hana ta tsigewa idan ta haɗu da katako mai tauri. Duk sanfefar da ka goga sau biyu ka ga tsakuwarta na zuba a hannunka, a nan aka yi mata rowa, kuma asara ce ga kafintan da ke ƙirga kowace dala.

Idan ta gama bushewa takan sandare kamar busasshiyar fata, don haka ake bi da ita kan ƙarfe a lanƙwasa ta da gangan, gam ɗin ya yi ƙananan tsagu, ta yadda za ta naɗu a hannu ba ta karye ba. Daga nan sai yanka.

Wata irin kuma ba a cika ta da tsakuwa, ana barin kusan sulusi ko rabin fuskarta fili domin garin katako ya samu mafita. Ita ce ta dace da tsohuwar ƙofa mai fenti da katako mai danƙo, waɗanda ke toshe cikakkiyar tun kafin hannu ya gaji.