Filin Ƙwallon Zariya: Gyara ko Sabon Gini?

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsohon filin wasa na Zariya, ra'ayi kan rabu biyu: wasu na ganin gyara ya wadatar, wasu kuwa na son sabon gini a bayan gari, inda ƙasa ke da yalwa. A cikin Zariya kuwa, Sabon Gari, wanda ya bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya cika da kasuwanni da gidaje har sarari ya yi wuya, alhali Samaru ta dogara ne da filayen Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, kuma ɗalibai ne ke da fifiko a kansu.

Abin da ya kamata ya raba gardama shi ne binciken injiniyoyi kan ƙwarin gini, wato auna ko ginshiƙai da dandamalin 'yan kallo za su iya ɗaukar nauyin jama'a. Idan suna da ƙarfi, gyaran magudanar ruwa da ciyawa da fitilu ya fi sauƙin kuɗi, kuma filin zai ci gaba da zama inda matasa ke isa da ƙafa. Filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, duk da tsufansa, ya karɓi wasannin FIFA a 1999 da 2009 bayan gyare-gyare, yayin da ciyawar filin Abuja da aka buɗe a 2003 ta lalace saboda rashin kula. Saboda haka gyara ya fi dacewa da Zariya, muddin ginin na da ƙarfi kuma an ware kuɗin kulawa na kowace shekara.