Gini da Takarda: Yadda Ake Zaɓen Kayan Aiki

Kowa a cikinmu ya taɓa ganin yara zaune a gindin bishiya da kara, suna ɓare shi suna haɗa mota ko jirgin sama. Da yawa cikinmu ma mun yi haka da ƙuruciya. To, akwai wani wasa ɗan'uwan wannan, wanda manya da yara suke yi a ƙasashe da yawa, watau gini da takarda. Ana zana bangon ɗaki da rufinsa da ƙofarsa a shimfiɗe bisa takarda. Mutum ya yanke, ya ninke, ya manna, sai ga ɗan ƙaramin gida ya tsaya a tafin hannunsa. Haka kuma ake yin mota da jirgi da gada.

Wannan wasa ya daɗe. Tun cikin ƙarni na 19 masu ɗab'i a Faransa da Jamus suke buga irin waɗannan zane-zane suna sayarwa. A ƙasar Folan kuwa, cikin shekarar 1957 aka fara buga wata mujalla mai suna Mały Modelarz, wadda ake yanke shafuffukanta a haɗa jirgi ko mota.

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci wannan wasa yana da amfani gare mu ƙwarai. Kowane yanki yana da lambarsa, tilas a karanta lambar kafin a san inda zai shiga. Tilas kuma a yi awo da rula. Ashe ana wasa, ana bitar karatu da lissafi.

Amma bari mu faɗa muku abin da ya same mu a wani aji. Mun tara kuɗi, muka sa aka bugo mana zanen gida mai falle huɗu. Muka kwana uku muna yanka muna mannawa bayan sallar la'asar. Da muka tsai da bango sai ya lanƙwashe, domin takardar ba ta da ƙwari. Da muka ɗora rufi kuwa sai ya ƙi kaiwa bakin bango. Kuɗi ya tafi, wahala ta tafi a banza, har wasu suka ce sun daina. Hannunmu bai yi kuskure ba. Tun wajen sayen takarda da wajen bugu aikin ya lalace. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Saboda haka ga abubuwan da za ku duba kafin ku taɓa almakashi.

Nauyin takarda

In kun duba jikin ƙunshin takarda za ku ga lamba, kamar 80, da alamar giram a gefenta. Ma'anarta ita ce, in aka auna takarda mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, nauyinta giram 80 ne. Fallen da ake kira A4, wanda aka saba rubuta wasiƙa a kansa, guda 16 ne suke cika wannan awo. Ku raba 80 gida 16, za ku sami 5. Watau falle ɗaya giram 5 ke nan. Yawanci gwargwadon girman lambar, gwargwadon kaurin takardar.

Takarda mai lamba 80 ita ce ta ofis. Tana da araha, tana da sauƙin naɗewa, amma ba ta iya ɗaukar rufi. Ku yi gwaji da ita, ku kuma yi ƙananan abubuwa masu naɗi, kamar indararo ko sandar tuta.

Domin bango da rufi da jikin mota, ku nemi kati mai lamba 160 zuwa 200. Yana tsayawa da kansa, yana kuma ninkuwa ba tare da ya fashe ba. In ya zarce haka sosai, ninki ya yi wuya, kusurwa ta yi kumburi, kuma ƙananan na'urorin bugu da yawa ba su iya jan sa.

Kwalin sabulu ko na taliya ba a bugu a kansa, amma kada ku yar. Shi za ku shimfiɗa ya zama harsashi. Shi kuma za ku yanka ku manna ta ciki ya tokare dogon bango, kamar yadda azara take riƙe soro.

Kada ƙyalli ya ruɗe ku. Takarda mai sheƙi irin ta hoto tana da kyan gani, amma gam ba ya kama ta sosai, fuskarta kuma tana tsagewa a wurin ninki. Wadda ba ta sheƙi ita ce ta aiki.

Jijiyar takarda

Da zaren itace ƙanana ƙanana ake yin yawancin takarda. A masana'anta zaren nan sun fi kwanciya ta fuska guda. Wannan shi muke kira jijiyar takarda. Kun san kara yana tsagewa salin alin ta tsawonsa, amma ta tsakiya sai dai a karya. Takarda ma kusan haka take.

Ga yadda za ku gane. Ku ɗauki tsohuwar jarida ku yaga daga sama zuwa ƙasa, sa'an nan ku yaga daga gefe zuwa gefe. Wajen da yagar ta tafi sak, nan jijiya ta bi. In kati ne, ku tanƙwara shi a hankali ta tsawo, ku kuma tanƙwara ta faɗi. Ta waje guda zai bi ku da sauƙi, ta ɗayan zai yi gardama.

In za ku naɗe abu mai da'ira, kamar rumbu ko hasumiya, ku sa jijiya ta bi tsayin abin daga ƙasa zuwa sama. Sai ya naɗu sumul. In kuka saɓa, sai jikinsa ya yi ƙwarya-ƙwarya da alamun karaya.

Na'urar bugu iri biyu

A shagon buga takardu za ku tarar da na'ura iri biyu. Ta farko tana fesa tawada mai ruwa. Tawadar tana shiga jikin takarda, don haka ba ta cika ɓarewa a wurin ninki ba. Aibinta shi ne, sau da yawa ɗigon ruwa ko gumin yatsa yana sa launin ya zuba. In an buga muku da ita, ku shanya takardar a inuwa ta kwana kafin ku yanka.

Ta biyu gari take zubawa, zafi ya manne shi bisa takarda. Na'urar fotokwafi irin wannan ce. Bugunta ba ya tsoron ruwa. Amma da yake garin a sama yake zaune, yakan ɓare a wurin ninki ya bar farin layi. Maganin wannan shi ne a bi layin da fensir mai launi. Kuma gam ba ya kama wurin da garin ya rufe, sai a ɗan kankare shi da bakin reza.

Wanda ba shi kusa da shago kada ya damu. Sai ya ari zane wurin malamin aji, ya ɗora bisa kati, ya huda kowace kusurwa da allura, sa'an nan ya haɗa hudojin da rula da fensir.

Girman bugu

Nan ne muka yi hasara a ajin da muka ambata. A jikin zane akan rubuta 1:100 ko 1:50. In 1:100 ne, santimita 1 a takarda yana madadin santimita 100, watau mita 1, a ginin gaske. Bango mai tsayin mita 3 zai zama santimita 3. In 1:50 ne zai zama santimita 6.

To, na'ura takan rage zane da kanta domin ya shiga falle. In ta rage falle ɗaya ta bar sauran, layin da ya kamata ya yi santimita 10 sai ya fito tara da rabi. Rabin santimitan nan shi ya hana rufinmu zama. Mun buga falle biyu yau, biyu gobe, a na'ura dabam dabam, ba mu auna ba.

Har wa yau, fallen A4 milimita 210 ne da 297. Wanda ake aiki da shi a Amurka kuwa 216 ne da 279, ya fi faɗi, ya fi gajarta. In zanen daga can ya fito, lalle a lura.

Saboda haka ku ce wa mai shago, "Malam, don Allah a buga shi yadda yake, ɗari bisa ɗari, kada a rage kada a ƙara." Ku fara buga falle ɗaya a takarda mai araha, ku sa rula ku auna tun kuna tsaye a shagon. In ya yi daidai, a buga duka a rana ɗaya, a na'ura ɗaya, a kati iri ɗaya.

Abin mannawa da abin yanka

Farin gam irin na kafintoci shi ya fi. In babu, ku jiƙa ƙaron dakwara, irin wanda malamai suke sa wa tawada, ku tace, ya yi kauri kamar zuma. Kokon rogo ma yana kamawa, amma ruwansa ya yi yawa, kuma yana jawo kyankyaso da ɓera. Kowanne kuka ɗauka, da tsinke za ku shafa, kaɗan kaɗan. Ruwa yana kumbura takarda, in ta bushe ta murɗe. Gam mai kamawa nan take kuwa ku nisanta shi daga yara, domin yana manne yatsu, yana cutar ido.

Kafin ku ninke, ku ɗora rula bisa layi, ku bi shi da biron da tawadarsa ta ƙare. Sai ninki ya fito a miƙe. Dogon layi a yanka da reza da rula bisa kwali, mai lanƙwasa kuwa da almakashi. Reza aikin babba ce, kada a bar wa yaro.

Da damina ku ajiye kati a shimfiɗe cikin leda, a ɗora littafi a kai. Abin da kuka gama ginawa ku sa shi a bisa, nesa da bango, saboda gara.

Mun sake buga gidan nan bisa kati mai lamba 180, muka auna tun a shago. Yana nan tsaye a kan kabad ɗin ajin, rufinsa ya zauna daram. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. In an rubuta 80 a jikin ƙunshin takarda, mene ne ma'anarsa?
2. Falle 1 giram 5 ne. Falle 500 giram nawa ke nan?
3. Ɗaki mai tsawon mita 4, santimita nawa zai zama a zanen 1:100?
4. Me za ku ce wa mai shago kafin ya buga muku zane?