Shin Waya Tana Cinye Ido? Gaskiya ko Jita-jita

"Waya ce ta cinye masa ido." Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, daga Tiga har Riruwai, da wuya a ga matashi sanye da tabarau ba a ji wani ya yanke wannan hukunci ba. Kuma zargin bai rasa tushe ba. Mai POS yana wuni yana zura ido a ɗan ƙaramin allo. Ɗalibi yana ta gwaji a waya tun da jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Uwargida ta gama aikin gida ta kwanta da fim mai dogon zango har dare ya raba. Kukansu ɗaya ne: ido na yaji, gani na dishi-dishi, goshi na sarawa.

Wannan gajiyar gaskiya ce. Cewa ita ce mafarin makanta kuwa jita-jita ne. Abu biyu ke faruwa. Mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya ba tare da ya sani ba, kowace ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido sabon hawaye. Da ya ƙura wa allo ido sai ƙiftawar ta ragu da kusan rabi, fuskar ido ta bushe. A hunturu, ga iska busasshiya ga ƙura, lamarin ya ninka. Na biyu, akwai 'yar tsoka a cikin ido da ke matsewa duk lokacin da ake duban abu na kusa. Wanda ya riƙe bokitin ruwa awa guda bai ajiye ba hannunsa zai sage, amma ba wanda zai ce ya karye. Ya ajiye, ya warware. Idon da waya ta gajiyar ma da hutu da barci yake komawa daidai.

Shi ya sa maganin ba ya cin ko sisi. Wani likitan gwajin ido Ba'amurke, Jeffrey Anshel, shi ya yaɗa ƙa'idar 20-20-20: bayan kowane minti 20, ka dubi abu mai nisan ƙafa 20, wato kamar mita 6, na tsawon daƙiƙa 20. Lambobin an zaɓe su ne don sauƙin tunawa, ba sai ka riƙe agogo ba. Mai shago a bakin titin Zariya ya ɗaga kai ya bi wata tirela da ido har ta ɓace, ya ƙifta da gangan sau da yawa, ya wadatar. A ƙara girman rubutun waya, a daina manna ta da hanci.

Sai batun tabarau mai "tare shuɗin haske", wanda ake tallarsa a intanet da cikin kasuwanni. Mai sayarwa yakan haska ɗan tocila mai shuɗi a jikin gilashin, ya nuna maka hasken bai wuce ba. Wasan yana burgewa, sai dai bai tabbatar da cewa idonka zai huta ba. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 17 a kan irin wannan tabarau, ba ta ga ya rage gajiyar ido fiye da farin gilashi ba. Shuɗin hasken da manomin masara a Doguwa ke sha daga rana a yini guda ya ninka na waya nesa ba kusa ba. A ganina kuɗin tabarau ɗin ya fi amfani idan aka kai shi wurin gwajin ido.

Duba waya a cikin duhu, abin da rashin wuta ya mayar mana al'ada, ba ya lalata ido. Yana dai saurin gajiyar da shi, yana kuma korar barci. Rage hasken allon, kunna 'yar fitilar sola.

Inda zargin da ake yi wa waya yake da ƙamshin gaskiya shi ne a kan yara. Idon yaro yana cikin girma, kuma yawan duban abu na kusa tare da ƙarancin fita waje yana da alaƙa da matsalar rashin hangen nesa, wadda ta zama ruwan dare a biranen gabashin Asiya. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an yi gwaji a makarantun firamare, aka wallafa sakamakon a 2015: yaran da aka ƙara wa minti 40 na wasa a waje kullum, kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka kamu cikin shekara uku, sauran kuwa kusan kashi 40. Yaron da ke bin awaki kiwo a ƙauyukan Kiru yana da wata garkuwa da ɗan birni ya rasa, muddin ba a zaunar da shi a ɗaki da waya don ya yi shiru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Dattijon da ya haura 40 ya fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙo, shi kuma ba waya ba ce. Shekaru ne. Da can ma haka kakanni ke ba jika zare ya zura musu a allura. Tabaran karatu ke gyara shi, kuma batun cewa wanda ya fara sa tabarau idonsa ƙara mutuwa yake yi ba shi da tushe.

Abin da ya fi damuna ba wayar ba ce, abin da ake ɗigawa a ido ne da sunan wanke shi. Ruwan sukari, ruwan albasa, nonon mai jego, har da fitsari: duk suna iya kai ƙwayar cuta ko su ƙone fuskar ido. Kwalli na dutse, wanda ake cewa yana ƙara gani, sau da yawa yana ɗauke da gubar dalma, kuma jarirai ake fi rangaɗa wa. Akwai kuma maganin ɗigawa da ake saya a kyamis ba da takardar likita ba, musamman mai sinadarin dexamethasone. Nan take yake kwantar da ja da ƙaiƙayi, shi ya sa ake son sa, amma yawan amfani da shi yana iya tayar da hawan jinin ido da yanar ido. Idan kuwa ƙaiƙayin shinkafa ne ya karci ido lokacin casa, kamar yadda yake faruwa da kaka a wajejen Tudun Wada, wannan maganin yana iya mayar da ƙaramin rauni gyambon da zai bar hakiya.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin ɗari na makanta, hawan jinin ido na biye mata. Na biyun shi ne mugu, domin yawanci ba ya ciwo. Daga gefe yake cin gani a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shi ba su san suna da shi ba. Mutumin da aka tabbatar masa cewa waya ce matsalarsa zai ajiye waya ya zauna jiran sauƙi, cutar tana aikinta.

Gajiyar waya tana washewa da safe. Dishi-dishin da ya kwana ya wuni, ko ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ko ganin da'ira a kewayen fitila, ko yawan karo da abubuwan da ke gefe, waɗannan na asibiti ne. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA a Sabon Gari, da Asibitin Ido na Makkah, da sashen ido na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Duk wanda ya haura 40, ko mai ciwon sukari, ko wanda wani a gidansu ya makance ba a san dalili ba, ya nemi a auna masa ƙarfin ido a duba jijiyarsa ko da yana gani garau.