Ko Kun Sani? Hoton da Kwamfuta Ta Ƙi Nunawa

Sau da yawa hoton da kwamfuta ta ƙi nunawa yana nan daram a katin memori. Mai hoto zai ɗauki bikin suna a Mai Yara, ya kai katin Dakoro, a sa shi a kwamfuta, allo ya nuna wayam. Wani lokaci ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye jakar DCIM, inda kyamara ke zuba hotuna. Wani lokaci kuma katin ya haura gigabait 32, tsohuwar kwamfuta ta kasa karanta shi.

Ko an goge hoto, sunansa kawai ake cirewa daga rajistar katin. Manhajar PhotoRec ta Bafaranshe Christophe Grenier tana tono shi kyauta. Sai dai a zare katin daga kyamara nan take, domin sabon hoto yana iya sauka kan gurbin tsohon.