Kududdufan Kano Da Masu Gina Kantuna A Kansu

Duk wanda ya san birnin Kano ya san kududdufansa. Ba banza suka samu ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya soma ginin ganuwa a ƙarni na 12, mutane ke haƙar ƙasa suna yin tubali, ramin da suka bari kuwa sai ya zama matattarar ruwan damina. Watau kududdufi tulu ne na unguwa: ya kan tare ruwa sa'ad da sama ta zuba, sa'an nan ya sake shi sannu sannu, wani ya nutse ƙasa, wani ya bi Jakara.

To, yanzu fili ya yi tsada, ciniki ya bunƙasa. Sai ka ga an cike kududdufi da shara da ɓaraguzai, kafin shekara ta kewayo an ɗora masa benen kantuna. Muna so mu jawo hankalin masu karatu ga haɗari biyu da ke cikin wannan al'amari.

Na fari shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ginin. Shara ba ƙasa ba ce. Tana ruɓewa, tana lotsawa shekara da shekaru, kuma ba ta lotsawa daidai wa daida. In rabin harsashi ya hau tsohuwar ƙasa mai tauri, rabi kuma ya hau ciko, lalle gefe guda zai riga ɗaya sauka. Alamarsa ba ta ɓuya: tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya rabu da bango. A ƙarƙashin cikon ma akwai laka, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani. Mai kanti ya kan liƙe tsagar da siminti ya shafa fenti, amma ciwon yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Na biyu shi ne ruwan da aka kora. Ga lissafi wanda kowane malami zai iya yi da yaransa a allo. Inci 1 na ruwan sama a kan eka 1 ya fi lita 100,000, watau ganga 500 mai cin lita 200. Ruwan Kano kuwa ya kan kai wajen inci 30 a shekara, mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta. In an rufe ekar nan da kwano da kankare, ƙasa ba za ta sha kome ba. Ruwan zai fito gaba ɗaya da ƙarfi, ya bi gindin bango yana zaizaye shi, ya yanke hanya ya mai da ita kwazazzabo, ya ƙarasa cikin gidan talakan da ke gangare. A watan Agusta na 2022 ruwa ya malale kasuwar Kantin Kwari, ya ɓata wa 'yan kasuwa yadi da atamfa na dukiya mai yawa, aka kuma yi ta kuka da gine-ginen da suka toshe magudanai. Sunan kasuwar kansa gargaɗi ne, gama kwari wurin ruwa ne.

Magani fa? Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kafin a aza tubali ko ɗaya, a haƙa ramukan gwaji har a tarar da ƙasar asali, injiniya ya ɗebi samfuri ya auna nauyin da za ta iya ɗauka. In cikon shara ne, a kwashe shi, a zuba marmara kaɗan kaɗan, ana yayyafa ruwa ana dandaƙewa. In ramin ya yi zurfi, sai a kafa turakun kankare su huda cikon su tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi. A gina lambatu kafin a gina kanti, a kuma san inda ruwansa zai faɗa. Bakin gangare a dasa jema, domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Wani kududdufin kuwa, alherinsa a bar shi yadda yake.

Ya ku ma'aikatan ofis, takardar izinin gini ta hannunku take bi. Kada ku wuce da ita sai kun ga rahoton gwajin ƙasa da taswirar magudana, ku kuma tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin a da, domin sun fi fayil tunawa. Ku kuma malamai, ku fita da yara bayan an ɗauke ruwa, ku nuna musu inda ya bi da abin da ya ci. Cikinsu akwai magina da masu kantunan gobe.

Ba mu ƙi ciniki ba, arzikin Kano ke nan tun fil azal. Amma bene mai hawa uku cike yake da 'ya'yan mutane, kuma kuɗin gwajin ƙasa bai kai kuɗin rufin kanti guda ba. Allah ya kiyashe mu, amin.