Sanƙarewar wuya ga yaro: yaushe za a garzaya likita?

Ba kowane ciwon wuya ne sanƙarau ba. Yarinyar da ta yini tana ɗaukar ruwa ko itace a ka, ko yaron da ya kwana wuyansa a karkace, sukan tashi da ciwon wuya. Haka ma kaluluwa da ciwon maƙogwaro sukan hana waiwaye. Idan yaro yana ci, yana wasa, jikinsa ba zafi, yawanci abin kan wuce cikin kwana 2 ko 3.

Abin tsoro shi ne wuya ya sanƙare tare da masassara. Sanƙarau kumburi ne na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, kuma yana iya kisa cikin awa 24. Ya fi yaɗuwa daga hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro. Mutanen Yamai da Dosso ba su manta da annobar 2015 ba.

Uwa, ki kwantar da yaron rigingine, ki tallabi ƙeyarsa, ki sunkuyar da kan a hankali. Idan haɓa ta kasa taɓa ƙirji, ko ya ƙwala ihu, ko ya naɗe ƙafafu, ku kama hanya. Haka nan idan akwai amai, ciwon kai mai tsanani, gudun haske, jijjiga, ko barcin da ba ya tasuwa.

Jinjiri ya fi wuyar ganewa, domin wuyansa kan zauna da laushi ko da cutar ta kama shi. A duba maɗiga yayin da ba ya kuka: idan ta kumbura, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, alamar haɗari ce. Yaro mai tamowa kuwa sau da yawa ba ya masassara ko kaɗan, har jikinsa kan yi sanyi, saboda haka masu faɗakarwa kada su jira zafin jiki kafin su tura shi. Jaririn da ya daina tsotso a makonni 2 na farko, muƙamuƙinsa ya ƙage, ana zargin cutar sarƙe haƙora da ta shiga ta cibiya.

Tsaga, turare da shafe-shafe ɓata lokaci ne. A tafi ko da dare ne, a ci gaba da ba da nono a hanya muddin yana iya haɗiya, a riƙe katin rigakafi. Idan ma'aikacin lafiya ya nemi ɗibar ruwan baya, a yarda: ɗan kaɗan ake ɗiba, kuma shi ke nuna ƙwayar cutar. Jinkirin allura ne ke barin yaro da kurumta ko shanyewar gaɓa.